Tallar Alƙalami

A unguwar Be-Kpota, gabashin birnin Lome na ƙasar Togo, akwai wani dattijo wanda Hausawan wurin suke kira Akawu. Mutumin Maraɗi ne. Ya yi karatun allo yana yaro, ya kuma yi makarantar boko, saboda haka yana rubuta Hausa da ajami da boko, yana kuma rubuta Faransanci, wanda shi ne harshen hukuma a Togo. Ya zo Lome yana saurayi, ya sami aikin akawu a wani kamfani mai fitar da kaya daga tashar jiragen ruwa. Sunan ya bi shi har yau, ko da yake aikin ya daɗe da ƙarewa.

A watan Nuwamba 1992 ma'aikatan Togo suka shiga yajin aiki na gama gari, wanda ya ɗauki watanni da yawa. Da shigar 1993 tashin hankali ya kori dubban mutane zuwa Ghana da Benin. Kamfanin ya rufe, bai sāke buɗewa ba. Sai Akawu ya wayi gari da mata da 'ya'ya huɗu, da wata tsohuwar tafireta da aka ba shi a maimakon albashinsa na ƙarshe. Bai gama farfaɗowa ba, a watan Janairu 1994 aka karya darajar kuɗin sefa da rabi, kayan masarufi suka yi tsada, ɗan abin da ya ajiye ya narke.

Ya ce a ransa, tun da yake rubutu ne kaɗai sana'arsa, bari ya sayar da rubutu. Ya fitar da tebur ƙofar gida, ya ɗora tafireta, ya sa aka zana masa allo da kyakkyawan Faransanci, cewa a nan ana rubuta wasiƙu da takardu iri iri. Sa'an nan ya sa farar rigarsa ya zauna. Mako uku yana zaune, wasiƙa biyu kaɗai ya rubuta.

Matarsa tana sayar da koko da ƙosai, da cinikinta kuwa ake ci a gidan a kwanakin nan. Wata rana da yamma ta tsaya ta dubi allon, ta ce, "Malam, wa ka rubuta wa wannan?"

Ya ce, "Masu neman a yi musu rubutu mana."

Ta ce, "To, wanda ya iya karanta allon nan, me zai zo nema a wurinka?"

Ya yi shiru. Ta ce, "Ni kokona ba shi da allo. Kowace safiya ina kai wa direbobi har inda suka kwana. Na san mai son sukari, na san wanda ba ya so. Kai ma sai ka ɗauki kayanka ka kai."

Maganar ta yi masa zafi. A ganinsa talla aikin yara ne masu faranti a kā, ba na mutumin da ya zauna a ofis ba. Ya kwana biyu bai ce mata kome ba. Amma kunya ba ta biyan kuɗin haya, mai gidan kuwa ya riga ya zo sau biyu. A rana ta uku ya sa takardu da ambulan da alƙalami a jaka, ya hau mota zuwa Zango.

Zangon Lome dā yana tsakiyar gari. A shekarar 1977 hukuma ta tashe shi, aka mai da mutanensa can arewacin birni, a bakin babbar hanyar da ta nufi Burkina Faso. A Zango baƙo ba ya sauka haka kawai. Yana sauka a wurin mai gida, wanda zai ba shi masauki, ya ajiye masa kuɗi, ya nemo masa mai saye, ya kuma tsaya masa idan magana ta tashi. Akawu ya gane cewa duk wanda yake so fatake su san shi, sai mai gidansu ya san shi tukuna.

Ya je ya gai da wani Alhaji mai saukar da direbobi da 'yan kasuwa daga Nijar. Bai roƙi aiki ba, ya dai faɗi sunansa da garinsu da abin da ya iya. Ya koma kashegari, ya sāke komawa. A zuwa na huɗu ya tarar da wani direba riƙe da takardar duwan, hankalinsa a tashe, yana tsammani tara aka ci shi. Akawu ya karanta, ya bayyana masa da Hausa cewa sa hannu ɗaya ne kawai ya rage. Kafin la'asar mutum uku sun zauna a gabansa, kowa da wasiƙar da yake so a aika gida.

Daga nan ya kafa wa kansa ka'idodi uku. Yakan faɗi kuɗin aiki kafin ya ɗauki alƙalami. Yakan karanta wa mai wasiƙa abin da ya rubuta, kalma kalma, ya gyara inda aka ce a gyara. Abin da ya ji kuwa a wurin aiki, a nan yake barinsa.

Ta ukun ce ta kusa raba shi da abincinsa. Wata rana Alhaji ya kira shi ɗaki, ya ce, "Ɗana, yaron nan da ka yi wa wasiƙa jiya, akwai kuɗina a hannunsa. Me ya faɗa wa mutanen gidansu?"

Gaban Akawu ya faɗi. Duk cinikinsa a zauren mutumin nan yake. Ya sunkuyar da kai, ya ce, "Ranka ya daɗe, ka gafarce ni. Maganarsa ce, ba tawa ba. Da taka ce, haka zan riƙe ta."

Alhaji bai ce uffan ba, ya sallame shi. Mako biyu ba wanda ya kira shi a gidan. A na uku aka aiko masa. Alhaji ya miƙo masa takardun cinikinsa na kansa, waɗanda bai taɓa nuna wa kowa ba, ya ce ya daidaita su. Bayan haka, in baƙo ya tambayi mai rubutu, sai Alhaji ya ce, "Ku je wurin Akawu, cikinsa rijiya ne." Wannan magana ta kawo masa abin da allo bai kawo ba.

Amma kasuwa ba ta tsayawa wuri ɗaya. Wayar hannu ta shigo Togo a ƙarshen shekarun 1990, wasiƙu suka fara raguwa. Da saƙon murya na WhatsApp ya zo, tsohuwar da take Maraɗi ta fara jin muryar ɗanta da kunnenta, ba ta bukatar kowa ya karanta mata. Akawu, da furfura a kansa, ya sāke samun kansa a gaban tebur ba kowa.

Wannan karo bai jira ba. Ya tambayi kansa, wace takarda ce murya ba za ta iya maye gurbinta ba? Yarjejeniyar hayar ɗaki, da takardar cinikin mota a wajen tashar jiragen ruwa, da takardun sa yaro a makaranta, da wasiƙar neman wata takarda a ofishin hukuma. Ya zaga wurin dillalan motoci da masu gidajen haya kamar yadda ya zaga a dā. 'Yarsa ta ƙarshe tana buga masa a kwamfuta. Ita ce kuma ta riƙe masa waya, ya yi gajeren saƙo da Hausa, ya faɗi sunansa da inda yake da abin da yake yi, aka tura wa direbobi, su kuma suka tura wa 'yan'uwansu.

Da matarsa ta ji saƙon, ta yi dariya, ta ce, "Malam, ashe ka iya talla."

Ya ce, "A wurinki na koya, uwargida."

Mai karatu, in kana da sana'a a hannu, masu bukatarta kuwa ba su san ka ba, kada ka ce sun ƙi ka. Watakila allonka yana magana da waɗanda ba su bukatarka. Zuwa da kai ya fi saƙo. In kuwa ka je, ka riƙe amanar wanda ya fara ba ka aiki, gama shi ne zai faɗa wa na biyu.

Allon nan na Faransanci yana nan har yanzu a gidan Akawu. A kansa ake shanya barkono.