Mabuɗin da ya karye mini da asuba

 Kullum ni ke ajiye mutane gaban makirofo ina ce musu su faɗi gaskiya. Yau bari in faɗi tawa, ko da yake akwai ɗan abin kunya a ciki.

Wanda ya san ni ya san motata, tsohuwar Corolla wadda ta girmi wasu daga cikin masu kiranmu a waya. Cikin sanyin bara, lokacin da hazo ya rufe gari, wajen ƙarfe huɗu na asuba aka buga mini ƙofa. Maƙwabcina ne, muryarsa na rawa: "Malam, don Allah ka taimaka, iyali ce, haihuwa ta zo da gardama." Na fito da gudu, na sa mabuɗi a ƙofar mota, ya ƙi juyawa. Dama ya kwana biyu yana yi mini haka, in jijjiga shi kaɗan ya buɗe. Ran nan ya ƙi. Matar tana durƙushe a bakin zaure, mata biyu na riƙe da ita. Na sa ƙarfi na murɗa, sai na ji ƙas! Rabi a hannuna, rabi a ciki. Kuma mabuɗin ɗaya ne tak, shi ke buɗe ƙofa, shi ke tada mota. Na biyun tun wurin wanda ya sayar mini ya ɓata.

Wallahi ban san sa'adda na zagaye layinmu ina buga ƙofofin mutane ba. Da ƙyar muka tada wani mai adaidaita, aka sa ta ciki, cikin wannan iska mai yankan fuska. Allah ya sauke ta lafiya, ɗiya mace. Amma har yau in na tuna yadda mijin ya kalli guntun mabuɗin da ke hannuna, bai ce mini komai ba, sai in ji jikina ya yi sanyi.

Da gari ya waye na tafi Akokan wurin kawuna. Shekarunsa sun fi ashirin yana gyaran injuna a Cominak, har ranar 31 ga Maris 2021 da aka rufe ma'adinin, shi da ɗaruruwan abokan aikinsa suka dawo gida. Yanzu yana da ƴar rumfa a ƙofar gida, yana taɓa gyara in an kawo. Muka zo tare, ya samu ya buɗe ƙofar, ya kwance makullin, ya zazzage shi a kan farar takarda. Abin da ya fito baƙi ƙirin ne, mai kauri kamar kwalli da aka kwaɓa. Ya murza a yatsa, ya miƙo mini.

"Taɓa ka ji. Me kake zuba mishi?"

Na ce, "Kawu, baƙin mai ne. In an yi mini bidanj nakan roƙi ɗan kaɗan a gora, ina ɗiga wa makulli da ƙofofi."

Ya daɗe yana dubana. "Kai da ka yi lakwal? Wannan garin ka ga ya yi kama da inda ake zuba wa makulli mai?"

To ni dai a tunanina kula nake yi da mota. Kusan duk wata sai na ɗiga. Ashe duk ɗigon da na yi, tarko na ɗana wa ƙura. Kawu ya ce a cikin makulli akwai ƙananan ƙarafa da ke hawa da sauka a kan siraran rasor, mabuɗi ne ke jera su daidai kafin ya juya. Mai yana da danƙo, ƙurar da iska ta kwaso ta shiga ta ramin mabuɗi sai ta manne, ba ta fita. Ga baƙin mai kuma dama ɗauke yake da dattin inji. Sanyin asuba ya zo ya ƙara daskarar da shi. Sannan ƙurarmu yashi ne da ya niƙe, kuma ƙwayar yashi ta fi ƙarfen makulli tauri. In ta haɗu da mai, abin da ka samu shi ne abin goge ƙarfe, yana cin makullin, yana cin mabuɗin, har wuyansa ya sirance. Nawa da na duba da kyau, wurin da ya karye ya riga ya cinye kamar tsohon cokali.

Ya wanke makullin da ɗan esans, ya bar shi ya bushe sarai. Sai ya aiki jikansa ya ɗauko fensir daga jakar makaranta, ya kankare bakin, ya hura garin a ciki, ya goga sauran a jikin sabon mabuɗin da muka yanko. Baƙin da ke cikin fensir garafit ne, yana da santsi amma busasshe ne, ƙura ba ta samun abin kamawa. Sharaɗin kawai, kada a haɗa shi da mai, in an haɗa an koma gidan jiya. Na tambaye shi WD-40 fa, wanda kowa ke fesawa? Ya ce yana da amfani wajen sassauta abin da ya cije da wanke datti, amma ba ya daɗewa, kada in ɗauka na gama aiki don na fesa shi.

Tunda ya kama ni, bai sake ni ba sai da ya bi motar kaf. Inda ƙofa ke juyawa, wanda masu gareji ke ce wa sharniyar, nan ana son giris, amma ɗan kaɗan, kuma sai an goge tsohon da tsumma tukuna. Bayan an sa a buɗe a rufe sau da yawa, a share duk wanda ya fito waje. Abin da ke aiki shi ne wanda ya shiga ciki, na waje abincin ƙura ne. Haka maƙallin kapo. Wannan ya ja mini kunne a kansa sosai, don in ya cije bai kama da kyau ba, kana cikin gudu kapo zai iya tashi ya rufe maka gilashi. Robar bakin ƙofa kuwa ba ta shiri da man inji, yana kumbura ta ya lalata. Birki kuma ko kusa, kada mai ko giris ya taɓa inda yake kamawa.

Inda ya fi daɗewa shi ne ƙarƙashin mota. Ya nuna mini robar da ke rufe kardan kusa da taya, suflen nan mai lanƙwasa. Cike take da giris, kuma muddin ba ta yage ba, babu ruwanka da ita. Ran da ta yage, giris ya fita yashi ya shiga, ba a jimawa za ka fara jin ƙas-ƙas-ƙas in ka karya kwana. Tawa ta hagu ta fara tsagewa, ban sani ba. Ya ce masu Hilux da Land Cruiser su nasu da sauƙi ta wani gefen, don a jikin sandar da ke kai ƙarfi ga tayoyi akwai ƴan kawunan da ake ɗura giris da famfo. Amma ya ga yara a gareji suna kafa famfo ba su share bakin ba, su tura yashin ciki da hannunsu, mai mota ya biya ya yi godiya ya tafi. A share bakin, a ɗura a hankali, a goge wanda ya fito.

Duk wanda ya bi hanyar Agadas kwanan nan ya san abin da nake nufi. Kilomita wajen 240 ne, a kan hanyar nan ta uraniyom da aka shimfiɗa daga Tawa tun ƙarshen shekarun 1970, amma wurare da yawa kwaltar ta tafi, sai gargada da rairayi. Mota ta je ta dawo sau ɗaya, kowane maɗauri nata ya sha girgiza ya sha ƙura. Littattafan motoci da kansu suna cewa a wuri mai ƙura a rage tazarar da ke tsakanin gyara da gyara. Mu kuwa sai mu jira sai abu ya yi ƙara. In ya lalace kuma kayan gyaran ba lalle a same shi nan ba, sai an aika Agadas ko Yamai ko Kano, ka yi sati kana jiran motar da za ta kawo, a lokacin da kowa ya san yadda aljihu yake a garin nan tun da aka rufe Cominak.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne wata magana da Kawu ya yi yana wanke hannu. Ya ce can ƙarƙashin ƙasa, mita 250, ba a jiran inji ya yi kuka. Kowane yana da takardarsa, in ya cika awoyinsa a tsayar da shi a sa mishi giris, ko lafiyarsa lau. Na dubi layinsu, kusan kowane gida akwai dattijo irinsa da ya yi rayuwarsa a kan wannan tsari, yanzu yana zaune a inuwa yana shan shayi. Mu kuma muna nan muna karya mabuɗai, muna kai motocinmu inda aka fi sauƙin kuɗi. Ni dai a ganina asara ce muke yi da idonmu biyu.

Na yanko mabuɗi biyu, ɗaya na ba uwargida ta ajiye. Guntun tsohon yana cikin aljihun jakata. Ran suna maƙwabcina ya aiko mini da nama, na ci ina jin nauyi.

Na roƙi Kawu ya zo cikin shirinmu na ranar Asabar ya amsa tambayoyinku, direbobi da masu kabu-kabu da duk mai kwaɗon shago da ke ba shi wahala. Da farko ya ƙi, wai shi bai iya maganar rediyo ba. Daga baya ya yarda, amma da sharaɗin in zo in ɗauke shi da kaina, kuma shi zai buɗe ƙofar motar da hannunsa ya gani ko na ji magana. Ku ajiye tambayoyinku a ƙasa, zan karanta mishi su.