Mako Guda da Hantar Auta

Litinin
Likita ta nuna mini hoton cikin Auta, ta ce kitse ne ya taru a hantarsa, gwajin jini na ALT ma ya hau. Shekararsa 11. Bai taɓa cewa ga inda ke masa ciwo ba. Na tambayi magani, ta ce a yanke masa zaƙi, ya daina cin dare, ya riƙa motsa jiki awa ɗaya kullum.

Talata
Kwalbar lemo ɗaya ta 35cl, sukarinta ya kai cokalin shayi 9. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fi son ko babba kada ya wuce wajen 6 a yini. Auta kwalba biyu yake sha. Wajen rabin sukarin nan hanta ce ke sarrafa shi, in ya yi mata yawa sai ta mayar da shi kitse. Zoɓona ma na duba, hannuna ba ya tsoron sukari. Yau da kanumfari da citta kawai na haɗa.

Laraba
Hajiya, kakar Auta, ta ga kwanonsa: wake, kwaɗon zogale, tuwo malmala ɗaya. Ta ce, "Ke, yunwa za ki kashe mini miji da ita? Ƙiba ai hutu ce." Na durƙusa na ce, "Hajiya, likita ce ta ce." Ba ta tanka ba.

Alhamis
Nan ne wuyar. Abbansu ƙarfe 10 yake shigowa da tsire da gurasa da lemo mai sanyi, kuma ita ce kaɗai sa'ar da yake ganin yaransa a farke. Da wane baki zan ce ya daina? Na roƙe shi ya dawo mu ci tare bayan magariba, a rufe kicin bayan isha'i.

Juma'a
Auta ya karya da koko da ƙosai. Da can shayi yake kurɓa ya fice, ya rama da dare.

Asabar
Likita ta faɗa mini wani bincike na 2019 a Amurka: yara maza aka rage wa sukari mako 8, kitsen hantarsu ya sauka daga kashi 25 zuwa 17. Na ɗauko kalanda na ƙirga mako 8.

Lahadi
Abbansu ya shigo kafin isha'i, lemon zaƙi a leda, ƙwallo a hammata. Hajiya da kanta ta ɓare wa Auta ɗaya.