Odishin, Gwaji Ko Jarrabawa: Wanne Ake Yi Wa Masu Son Shiga Fim?

Mai karatu, akwai wata kalma da ta kama bakin matasanmu masu sha'awar fim, daga nan Palladan har Samaru da Sabon Gari. Kalmar ita ce "odishin". Da an ce wani furodusa zai yi odishin, sai ka ga yaro ya wanke kaya, yarinya ta aro mayafi. Amma tambayi goma daga cikinsu ma'anarta, da ƙyar biyu su faɗa maka. To, wanda bai san sunan abin da za a yi masa ba, yaya zai gane in an cuce shi?

Asalin kalmar daga Latin ne, tana nufin saurare. Wato a tsayar da kai a ji muryarka, a ga yadda kake fito da magana. Masu kallon fim ɗin Indiya sun san labarin Amitabh Bachchan, wanda ya nemi aikin gidan rediyon gwamnatin ƙasarsu bai samu ba, kafin fim ɗinsa na farko ya fito a 1969. Yau muryar nan ita ce tambarinsa. Ka ga ke nan mai saurare ma yakan kuskure.

Mu dawo gida. Hausa ba ta rasa kalmomi ba, kuma kowace da gurbinta. "Jarrabawa" daga Larabci muka aro ta. Ita ce ta WAEC da NECO da JAMB: tambaya iri ɗaya ga kowa, maki a rubuce, ka ci ko ka faɗi. Ita muke kira kuma in Allah Ya jarrabi bawansa da rashi ko ciwo. "Gwaji" daga gwadawa ne, kamar yadda tela ke gwada riga a jikin mai ita. Ba faɗuwa a ciki, sai dai a ce ta yi ko ba ta yi ba. "Tantancewa" ita ce ware na kirki daga cikin taro. "Musabaƙa" kuwa gasa ce, irin ta karatun Alƙur'ani ta ƙasa da aka fara a 1986, inda dole a fitar da na ɗaya.

A ganina, odishin gwaji ne, ba jarrabawa ba. Rawar da za a taka ita ce rigar, ɗan wasa shi ne mai sawa. In labari na neman dattijo mai sanyin murya, kai kuma matashi ne mai zafi, ƙin ɗaukar ka ba ya nufin ba ka iya ba. A Amurka, kafin fim ɗin Gone with the Wind na 1939, an gana da mata kusan 1,400 kafin a tsayar da Vivien Leigh. Sauran duk dolaye ne? Ina! Rigar ce ba tasu ba.

Mu mutanen Palladan bai kamata a koya mana muhimmancin gwaji ba. Ga Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama nan a maƙwabtanmu tun 1964, ƙananan jiragenta na shawagi a kanmu. Ba wanda ake miƙa wa jirgi don kyan fuska ko don ɗan wane ne. Sai an duba idonsa da lafiyarsa, malami ya zauna gefensa ya ga kamun hannunsa. Can Samaru kuma, a Jami'ar Ahmadu Bello, tun shekarun 1970 ake koyar da wasan kwaikwayo, ɗalibi ya hau dandali a gyara masa tsayuwa da furuci. Su ma magabatan Kannywood haka suka taso. Turmin Danya na 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ce ta yi shi, mutanen da suka goge a wasan daɓe kafin su tsaya gaban kyamara.

Yanzu fa? Na taɓa raka ƙanen wani abokina wani odishin a ajin wata makaranta. An sayar da fom naira dubu biyu, an tara mutum ya fi ɗari. Babu takardar labari, babu kyamara. Tambayar kawai ita ce, "Ka iya rawa?" 'Yan mata kuma a karɓi lambar wayarsu. Har yau fim ɗin bai fito ba. Wannan ba gwaji ba ne, ba jarrabawa ba ce. Hausa na da wata kalmar mai kama da ita, wato "jaraba", kuma ita ta fi dacewa da shi.

Don haka ɗan'uwa, ko ke 'yar'uwa, in an kira ku odishin ku yi tambaya uku. Wane kamfani ne, kuma ina fim ɗin da ya taɓa yi? Wace rawa ake nema, ina takardar da zan karanta? Me ya sa ni zan biya, alhali ni ake nema aiki? Yarinya kuma kar ta je ita kaɗai, kuma kar ta yarda da gwajin ɗakin otal da dare.

Ku kuma furodusoshi da daraktoci, ku riƙa yin gwajin gaskiya, a fili, da rana tsaka. Da shi za ku samu sababbin fuskoki masu iya magana, mu kuma 'yan kallo mu huta da ganin mutum biyar a kowane fim. Allah Ya sa mu dace.