Kuɗin Haya da Kuɗin Hanya

Ina da shekara bakwai aka tashi tsohon Zangon Lome, a 1977. Har yau ina ganin mahaifina, Allah ya jiƙansa, tsaye a kan tulin kwano da katako yana ware ƙofofin da za su sake moruwa. Kafin wannan rana gidanmu yana tsakiyar gari, wajen da dogayen gine-ginen bankuna suke yanzu. Daga ƙofarmu zuwa Asigame, wato Babbar Kasuwa, tafiyar ƙafa ce. Baba yakan karya kumallo ya fita, ya dawo ya yi Azahar a masallacin unguwa, ya ci abincin gidansa, ya koma rumfa. Ban taɓa jin ya ambaci kuɗin mota ba.

Iyayenmu ba su zauna kusa da kasuwa don sha'awa ba. Ai ma'anar zango ke nan, wurin da ayari ke sauke kaya. Falke ya zo da shanu ko goro, sai ya sauka gidan maigidansa, a ba shi ɗaki da tuwo, a ajiye masa kaya da kuɗi, a nemo masa mai saye, maigida ya sami la'adarsa. Gida da ciniki abu ɗaya ne a wurinsu.

Da aka tashe mu sai aka ba mu fili a Agwe, kan hanyar arewa, kimanin kilomita 15 daga tsakiyar gari. A lokacin daji ne. Yau kuwa Agwe Zango gari ne sosai: ga masallatai, ga makarantun allo da na Islamiyya, ga mahauta, ga masu koko da ƙosai tun asuba, ga Tashar Sahel inda manyan motocin Wagadugu da Yamai da Bamako suke jeruwa. In ka shiga layukanmu da Hausa kaɗai za ka yi cefane, ka yi aure, a yi maka jana'iza. Abu ɗaya ne bai biyo mu ba: kasuwa. Ita tana nan inda take, kusa da bakin teku.

Ni shadda da yadin maza nake sayarwa a wani ɗan shago a layukan da ke kewaye da Asigame. Gidan Baba kuwa, da aka raba gado mu goma sha ɗaya, ɗaki guda ya zo hannuna, na bar wa ƙanena. Na kama hayar ɗaki biyu da falo a nan Zango, jika 25 a wata. Duk wanda na faɗa wa sai ya ce na yi sa'a. Ni ma haka na ɗauka, shekara da shekaru.

Abin da ya fara girgiza ni gobarar Babbar Kasuwa ce, a Janairun 2013. Cikin dare waya ta tashe ni, wani maƙwabcina na kasuwa yana cewa, “Alhaji, kasuwa na ci!” Na fito titi da jallabiya, takalmi ma ƙafa daban-daban, babu mota, babu zemijan. Na fi minti arba'in ina tsaye, duk abin da na mallaka a duniya yana can, ni ina nan. Da na isa, waɗanda ke zaune kusa sun riga sun kwashe abin da za su iya kwashewa. Allah ya kiyaye, wuta ba ta iso layinmu ba, amma na ga matan da suka shekara talatin suna tara atamfa suna birgima a ƙasa. Ranar na ce sai na dawo kusa da shagona. Sai dai ka san halin ɗan Adam, da hankali ya kwanta na mance. Na ƙara shekara goma ina zirga-zirga.

Gwiwa ce ta tuna mini. Wata ranar damina muka zame da ɗan zemijan wajen GTA, na yi wata ɗaya da rabi a kwance. Kwanciyar nan ce ta ba ni damar ɗaukar biro in yi lissafin da ban taɓa yi ba, ni da nake ƙirga ribar kowane yadi.

Da safe ina shiga tasi, da yamma saboda cunkoso ina hawa zemijan don in sami Magariba a gida, kuma sau da yawa ba na samu. Ni kaɗai ina kashe jika ɗaya da rabi a yini. Ɗana da ke taimaka mini a shago yana kashe jika ɗaya. Kwana 26 a wata, jika 65 ke nan. Mafi ƙarancin albashi a Togo tun Janairun 2023 sefa 52,500 ne. Ashe abin da muke zubarwa a kan titi ya fi albashin ma'aikaci guda. Ban ma sa kuɗin abincin rana da muke saye a kasuwa ba, ban sa awa biyu zuwa uku da hanya ke ci kullum ba, ban sa baƙin Nijar da Burkina da ke zuwa da sassafe su tarar da shago a rufe su wuce na gaba ba. Gidan da nake kira na jika 25, a gaskiya na jika 90 ne. Hausawa sun ce araha ba ta ado. Ni tawa arahar har rame min aljihu take ban sani ba.

Da na kai wa uwargida lissafin, ta saurara har na gama, sannan ta ce, “Alhaji, na ji kuɗin mota. To kuɗin mutane fa? In na haihu ko na yi rashi, wa zai zo mini? Yaran nan wa zai ba su karatu? Ka kai ni inda ko sallama ba za a amsa mini ba?”

Ban sami amsa nan take ba, don gaskiya ta faɗa. Ni na ƙirga abin da namiji ke asara a hanya, ita ta ƙirga abin da mace ke samu a unguwa. A Zango in ta rasa gishiri ta leƙa katanga, in zazzaɓi ya kama yaro da dare akwai ƙofa goma da za ta buga. Muka yi mako biyu maganar tana tsakaninmu kamar baƙo. A ƙarshe muka yi sharaɗi uku: dole gidan ya kasance inda ake jin kiran salla, dole a sami makarantar da yara za su je da ƙafa, kuma duk Juma'a da duk wani biki ko rasuwa za mu koma Zango, kuɗin motar wannan kuma ba abin ƙorafi ba ne.

Sai neman gida. A Lome ba ka samun ɗaki sai ta hannun dillali, wanda nan ake kira demarshe. Kafin ya nuna maka ƙofa sai ka biya kuɗin gani, kai ne kuma za ka biya masa zemijan, in an daidaita ya karɓi kuɗin hayar wata guda. Ni ɗan dillali ne, jikan dillali, ba zan zagi sana'ar ba. Amma dillalin da muka sani a da yana tsayawa ne a kan amanar baƙonsa. Wasu na yanzu kuɗin ganin ne cinikinsu: wani ya kai ni gida uku a yini ɗaya, biyu daga ciki daga baya na ji an riga an kama su.

Na farko da na gani da gaske yana Kojobiyakofe, dab da iyakar Aflawo. Gida mai kyau, iskar teku na shiga, amma maigidan ya ce sai kuɗin shekara guda a dunƙule. Na tuna masa cewa tun Janairun 2022 gwamnati ta fitar da doka a kan hayar gidaje a Lome da kewaye, wadda ta taƙaita abin da za a karɓa tun farko: wata uku na ajiya, wata uku na lamuni, shi ke nan. Ya yi dariya ya ce akwai mutum biyar a bayana. Na san dokar tana nan, na kuma san mai neman ɗaki ba shi da bakin ja-in-ja. Duk da haka ku riƙa ambatarta, don akwai masu gidan da in sun ga ka san ta sukan sassauto. Kuɗin shekara guda a wurin ɗan kasuwa jari ne. In ka binne shi a haya, shago ne zai ji a jikinsa.

Na biyu yana kusa da tafkin da ya ratsa gari. Araha ƙwarai, an yi masa sabon fenti. Allah ya taimake ni na duba gindin bango ta bayan gida, inda mai fenti bai kai ba, na ga layin da ruwa ya bari ya kai gwiwa. Mu mutanen Agwe mun san ruwa, mun ga abin da kogin Ziyo ya yi wa Togbulekofe a 2008. Shawarata ga duk mai nema: in da hali ka je ganin gida da damina, in kuma rani ne ka tambayi mai sayar da kayan miya a bakin layi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma ba shi zai faɗa maka ba.

Wanda muka kama ba ta hannun demarshe ya zo ba. Wani mai shayi Bazabarme da nake zama wurinsa ne ya ce wata tsohuwa a Amutibe tana da wuri, ɗanta ya tafi Faransa, amma ba ta son mai kiɗa da shaye-shaye. Na je da kaina, na gaishe ta da harshen Mina, wanda duk ɗan Zango ya tashi da shi. Ta tambaye ni ɗan wane ne ni, da na ce a tsohon Zango aka haife ni sai ta ce tana yarinya a can take sayen waina. Muka daidaita a kan jika 55, ɗaki biyu da falo a gidan haya mai tsakar gida ɗaya. Na biya wata shida, jika 330, muka rubuta takarda kowa ya sa hannu da shaidu biyu. Na nace a sa mini mitar wutata daban, irin wadda ake saya wa kati, don na ga yadda kuɗin lantarki na haɗaka ke raba maƙwabta. Na kuma faɗa mata tun farko cewa mu masu baƙi ne, kuma da Babbar Salla za mu ɗaure rago. Ta ce rago ɗaya, kwana biyu. Muka yi dariya aka rufe magana.

Yanzu minti ashirin ke kai ni shago a ƙafa, ta Dekon, ina tafe ina gaisawa da masu waya. Likita ya ce tafiyar ma magani ce ga gwiwar. Ina buɗewa kafin bakwai da rabi. Da rana ƙaramar ɗiyata takan kawo mana abinci da zafinsa, ran da babu makaranta. Magariba a gida take samuna. Autana, wanda a da yana barci nake fita yana barci nake dawowa, yanzu ni nake karɓar haddarsa. Ko da na cire kuɗin zuwa Zango, abin da ke saura a hannuna duk wata ya kai jika 20, kuma na mayar da shi cikin kaya.

Ba zan ɓoye muku abin da muka rasa ba. Wurin ya fi na da ƙunci. Lahadi da safe kiɗan coci ne ke cika layin. Watan azumin farko uwargida ta yi kuka, don babu yaran maƙwabta masu shigowa da kwanon kunu, babu hayaniyar sahur. Wata tsohuwa ƙawar mahaifiyata ta rasu da asuba, kafin labari ya iso mu kama hanya har an kai ta. Wannan ya tsaya mini a rai, kuma babu lissafin da zai biya shi. Wasu 'yan'uwa har yau suna cewa na guji dangi. Ba na jayayya da su; ranar Juma'a dai suna ganina a sahu.

Saboda haka ba na ce kowa ya tattara ya bar Zango ba. Wanda cinikinsa ke Tashar Sahel ko kasuwannin Agwe, ai shi yana zaune daidai inda ya kamata, kamar yadda Baba ya zauna a da. Wanda ke harkar motoci a tashar jirgin ruwa, nasa lissafin daban. Abin da nake roƙon ɗan'uwa mai neman ɗaki, a Lome ne ko Kwatano ko Akara, shi ne kada ya tambayi kuɗin haya kaɗai. Ya haɗa da kuɗin hanya na duk wanda ke fita a gidan, ya haɗa da awannin da zai ba titi, sannan ya zauna da iyalinsa su faɗa masa nasu lissafin, don akwai abin da su suke gani shi ba ya gani.

Wani lokaci in na taso daga kasuwa nakan bi ta wajen bankunan nan, in tsaya daidai inda nake zaton ƙofar gidanmu take. Masu gadi na kallona, ba su san abin da nake dubawa ba. In yi wa Baba addu'a, in ƙarasa gida da ƙafata. Allah ya ba kowa matsuguni mai albarka, ya sa mu gama da duniya lafiya.