Bayan Tiyata

Ina shekara 16 likita ta ce an haife ni ba mahaifa, gabana kuma bai cika ba. MRKH ake kiran lalurar. Tiyata ta buɗe hanya, amma tsoro ya daɗe bai sake ni ba. Watanni muka yi da maigidana, sannu a hankali, kafin jikina ya daina ɗari-ɗari, har na san daɗin kusantarsa.

Saura maganar haihuwa. Ƙwayayena lafiya lau suke. Ranar da na ji cewa a 2014, a ƙasar Suwidin, wata mai irin lalurata ta haihu bayan dashen mahaifa, na sha kuka. Amma yanzu zuciyata ta fi karkata ga marainiyar ƙanwata, wadda ke kwana a ɗakina tun bara.