Batirin GPS tsakanin Anka da Gummi

Litinin, Anka

Aikin da ya kawo mu shi ne auna gonakin 'yan wata ƙungiyar manoma kafin damina ta sauka. Muna ɗauke da na'urar GPS ta hannu, ƙirar Garmin eTrex 10, mai cin batiri biyu irin na agogon bango, wato AA. Masu ƙera ta sun ce tana kai awa 25 da batiri mai kyau. Wani matashi cikin ayarinmu ya tambaye ni me ya hana mu aiki da waya. Na ce waya ma tana ɗaukar lambar wuri, amma batirinta a manne yake, in ya mutu a tsakiyar gona sai ka koma gari neman soket. Ita kuwa wannan, ka buɗe bayanta ka sauya, ka ci gaba. Kuma ba ruwanta da layin waya, taurarin ɗan'adam take saurare kai tsaye. Duk wanda ya zauna a Zamfara a Satumbar 2021, lokacin da aka katse layukan sadarwa, ya san darajar hakan.

Talata

Na shiga kasuwa neman ƙarin batiri mai caji. Mai shago ya miƙo mini wani kwali mai ƙyalli, an rubuta 4800 mAh.

"Yallaɓai, wannan ya fi ƙarfi, dubi lambar."

"Alhaji, ba ni in ji nauyinsa."

Na ɗora shi a tafin hannu tare da batirin Eneloop da ke aljihuna. Nasa sakayau. Batirin AA mai caji, samfurin NiMH, na gaskiya ba ya kai 3000, don haka duk lambar da ta haura nan fenti ce kawai. Ban ga laifin Alhaji ba, haka aka sayar masa. Eneloop, wanda Sanyo ta fito da shi a 2005 kuma Panasonic ke yin sa yanzu, kusan 2000 ne kacal, amma yana riƙe cajinsa wata da watanni a cikin jaka. Ga mai aiki a ƙauye wannan ya fi babbar lamba amfani. Na kuma gargaɗi yaranmu kan wani mai suna 14500: girmansa ɗaya da AA, amma volt 3.7 ne, yana iya ƙona na'urar.

Laraba

Yau maganar caja ce, kuma a ganina nan ne kuɗi ya fi cancanta ya tafi. Caja mai araha ba ta san batiri ya cika ba. Wata tana ta ɗura masa wuta har sai ka cire, wata kuma agogo ne a cikinta, tana ƙidaya awoyi sannan ta tsaya. Matsalar ita ce a nan ana ɗauke wuta a dawo da ita a dare guda, kuma duk dawowa agogon yana farawa daga farko. Da asuba sai ka taɓa batirin ka ji shi kamar an ciro daga murhu. Zafin nan shi ke cinye rayuwarsa.

Caja ta gari tana lura da ɗan faɗuwar ƙarfin wuta da batirin NiMH ke yi idan ya cika, sai ta yanke. Ta kuma zama mai kula da kowane gurbi daban, da fitilarsa daban. Wadda ke cajin biyu-biyu a haɗe takan bar ɗaya da yunwa ta cika wa ɗaya ciki, a gona kuma raunannen ne zai kashe na'urar. Na fi son mai shigar USB, don tana aiki da fawa banki, da ƙaramar sola, da soket ɗin mota. Mai ba da 500 mA tana cika batirin 2000 cikin awa huɗu zuwa biyar. Masu cika shi cikin kwata na awa ban yarda da su ba a wannan bazarar da rana ke haura digiri 40.

Alhamis, Nasarawar Burkullu

Mun shiga ƙasar Bukkuyum. Ba ma nisa da titi, kuma muna tashi tun la'asar ba ta yi sanyi ba, saboda halin da hanyoyi ke ciki. Shi ya sa mutuwar batiri a nan ba ƙaramin abu ba ne: gonar da ka bari rabi ba ka da tabbacin ranar komawa.

Wani dattijo yana gaba da sandarsa yana nuna iyaka, daga gindin marke zuwa tsohon suri, yaronmu na biye da na'ura a hannu. Can ya tsaya.

"Malam, batirin nan da muka caja jiya ya kusa ƙarewa."

Na karɓa na duba. An bar saitin a kan alkalin, mai volt 1.5, alhali NiMH 1.2 ne, shi ya sa ma'aunin ke nuna ba daidai ba. Na sauya saitin, na rage hasken fuskar, muka ce Baba ya ci gaba. Yanzu kowane biyu na da lamba ɗaya da na rubuta musu da maka, tare ake cajinsu, tare suke aiki. Cikakku a aljihun dama, matattu a hagu, kuma ba a haɗa su da makulli ko tsabar kuɗi.

Juma'a

Bayan masallaci na ga yara suna fasa tsohon batiri da dutse, hannuwansu baƙi ƙirin. Raina ya ɓaci. A yankin nan ne, a 2010, gubar dalma daga niƙan duwatsun zinare ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyuka irin su Yargalma, Dareta da Abare, kafin likitocin ƙungiyar MSF da masu kwashe gurɓatacciyar ƙasa su shawo kanta. Batirin AA ba na dalma ba ne, dalmar tana cikin na mota da na sola. Amma tsohon samfurin mai caji, NiCd, yana da kadmiyam, shi ma guba. Mun yanke cewa ba za mu saye shi ba, kuma duk batirinmu da ya mutu zai koma gora mai murfi, ba bola ba.

Asabar, Gummi

Mun wuce Daki Takwas da hantsi. A fadamar Kogin Zamfara gonakin shinkafa ƙanana ne, masu lanƙwasa, na'ura a kunne wuni guda. Da rana na shimfiɗa sola a kan rufin mota, na ja waya na ajiye cajar a inuwa. Gajimare in ya gitta yana katse caji, don haka sola ta cika fawa banki, shi kuma ya ciyar da caja da dare. Shugaban ƙungiyar ya ce in rubuta masa abin da za su saya. Na rubuta batiri shida ga kowace na'ura, caja mai gurbi huɗu masu zaman kansu, da kwalin alkalin guda a ajiye don ranar da komai ya ƙi.