Kazar Baƙo a Gidan da Babu Akurki

Mu da muka taso a Itas ba mu san kaza a cikin abincin gaggawa ba. Kaza dukiyar uwargida ce, asusun da take fasawa ran da yaro ya kwanta ciwo ko aka matsa da kuɗin makaranta. Ba a sa mata wuƙa sai da dalili: sallah, mai jego, ko baƙon da ake jin nauyinsa. In an yanka kuwa, aikin rabin yini ne. Yara su sha tsere a bayan rumbu kafin su kamo ta, maigida ya yanka, a zuba ruwan zafi a fige, a babbake ta a wutar kara, a ɗora tun la'asar, ba za a sauke ba sai an idar da magariba.

Nan Sabon Ibadan ɗaki biyu ne da baranda, ina wurin akurki? Amma baƙi ba su fasa zuwa ba. Tun da aka kafa unguwar nan a 1916 aikinta ke nan, saukar fataken shanu da na goro. Yau ma mutumin Gadau ko Azare zai kwana a mota, ya yi sallama bayan isha'i ba tare da ya ko buga waya ba. Ka ba shi burodi da shayi, ba zai ce komai ba, amma labarin zai riga shi isa gida. Wannan ne ya koya mana dafa kaza cikin rabin awa, ba wai son burgewa ba.

Sirrin dai ɗaya ne: ki san wace kaza ce a hannunki. Ta gidan gona, wadda ake yankawa tana da sati 6 zuwa 8, namanta bai yi ƙwari ba, kuma cike take da ruwa. Tsohuwar kazar ƙwai, wadda ta gama yi wa mai gona aiki ya fito da ita kasuwa, tauri gare ta kusan kamar tamu ta gida. Mata da yawa da suka zo daga Arewa suna yi wa ta farko dahuwar kazar Itas, su cika tukunya da ruwa su bar ta awa guda, sai su tarar da nama ya saki ƙashi ya zama kamar fate, su ce kajin Kudu ba su da daɗi. Ai ba laifin kazar ba ne.

Farfesunta ga yadda muke yi. A yanka ƙanana, a wanke da lemon tsami don ƙarni ya fita. A zuba a tukunya da albasa mai yawa, citta, tafarnuwa da gishiri, a rufe, a rage wuta. Kar a sa ruwa tukuna, wannan shi ne wurin da ake ɓata ta. Ita da kanta za ta fitar da nata, ta sha kayan ƙamshin a ciki kamar minti goma. Sai a zuba jajjagen attaruhu, masoro, kimba da ɗan ƙanunfari, a kawo daddawa kaɗan, don ita ce ke ba wa kazar gona ɗanɗanon da ba ta zo da shi ba. A ƙara ruwan zafi daidai romo, ba na sanyi ba. Minti goma sha biyar ya isa. A tsaga cinya a duba jikin ƙashi, in babu jini a sauke. Da burodi ya ci, da dafaffiyar doya ya ci, mu dai mun fi so da farar shinkafa.

Wanda ya fi wannan sauri shi ne na kasko. A yanyanka tsokar ƙirji fale-fale kamar za a yi tsire, a shafa man gyaɗa, a barbaɗa yajin ƙuli. Ƙuli ba ya son wuta mai ƙarfi, nan da nan zai ƙone ya yi ɗaci, saboda haka in kasko ya yi zafi a sassauta. Minti goma, a juya sau ɗaya, a watsa ɗanyar albasa da tumatir. Yajin nan kuwa daga gida muke sa a kawo mana, duk mai zuwa daga Katagum ya san saƙon da ake ɗora masa.

In kazar gida ce ta samu, ko zabo, to a haƙura, babu gajeriyar hanya ta kirki. Wasu na jefa kanwa don ta yi saurin laushi. Tana yi ɗin, amma romon ya yi duhu, ɗanɗanon ya mutu. Gara a sa ɗan yankin ɗanyar gwanda, ko a ɗora ta da wuri a kama wani aikin.

Sai maganar daskararrun kajin firiza da ake sayarwa kilo-kilo. Akwai na gonakin ƙasar nan, akwai kuma waɗanda ake satar shigowa da su ta Kwatano duk da gwamnati ta daɗe da haramtawa. Mai shago ba zai iya gaya miki wanda ya yanka ba, balle kwana nawa ta yi a hanya ƙanƙara na narkewa tana sake kamawa. Mu ba ma sa wa baƙo ita a gaba. Ibadan gari ne na gonakin kaji, mai rai ba ta wuyar samu, kuma ga 'yan uwanmu masu yanka da figa a kasuwa, kina tsaye za a gama. Sai dai ki sa ido a ba ki kayanki cif: ƙundu da hanta, kai da ƙafafu. A gidajenmu na Itas ƙundu na maigida ne, in da baƙo shi ake miƙa wa, kai da ƙafa kuma na yaran da suka sha gudun kamu. Yaranmu na nan ba su kamo komai ba, amma har yanzu suna tsaye a bakin tukunya suna jiran nasu.